Iskar radon a cikin gida: mece ce ita, kuma yaya ake auna ta?

Radon wata iska ce da ke fitowa daga ƙasa da duwatsu, ta shiga gidaje ta tsagar daɓe da gindin bango. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Mutum na iya shaƙar ta shekara ashirin bai taɓa yin ko atishawa ba saboda ita. Duk da haka, ƙungiyar lafiya ta duniya, wato OMS, ta sanya ta cikin manyan abubuwan da ke haddasa sankarar huhu. A ƙasashe da yawa, bayan taba sigari ita ce ke biye.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, a kan wannan iska ido bai san ƙima ba, hanci ma haka. Hanya ɗaya ce kawai ta sanin yawanta a ɗakin da kake kwana: a auna. Wannan shafi zai bayyana maka, ya kai mai karatu, inda radon take fitowa, yadda aka gano illarta a wata unguwa ta ƙasar Amurka, yadda ake awonta a gida, da abin da ake yi in an same ta da yawa.

Daga ina take fitowa?

Kusan kowace ƙasa da kowane dutse na ɗauke da ɗan abin da ba a rasa ba na ma'adinin yuraniyom. A wani wuri kaɗan ne ƙwarai, a wani wuri kuma da ɗan dama, musamman cikin dutsen da masana ke kira giranit, da wasu duwatsu masu baƙin yumɓu, da ƙasa mai fosfat. Yuraniyom ba ya zama yadda yake har abada. A hankali yake rikiɗa ya koma wasu sinadarai, ɗaya bayan ɗaya, har a zo kan radiyom. Shi kuma radiyom in ya rikiɗa sai ya haifi radon.

Abin da ya bambanta radon da iyayenta shi ne, su daskararru ne, suna nan maƙale cikin dutse, ita kuwa iska ce. Tana bin ƴan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ta hau sama. In ta fito fili, iskar waje ta watsa ta, sai ta zama ba abin damuwa ba. In kuwa ta fito ƙarƙashin gini, sai ta sami inda za ta taru.

Ita ma radon ba ta daɗewa. Cikin kwana 3.8, wato kusan kwana huɗu, rabinta ya rikiɗe. Bayan wasu kwana huɗun, rabin abin da ya saura ya sake tafiya. Da za a toshe mata hanya gaba ɗaya, cikin wata guda abin da zai rage bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ke nan duk gidan da ke da radon da yawa, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ke ƙara masa kullum, dare da rana. Wannan shi ne tushen duk wani gyara da za mu ambata a gaba.

Yaya take cutar da mutum?

Lokacin da radon ke rikiɗa, tana barin wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi, cikinsu har da nau'i biyu na poloniyom. Waɗannan suna manne wa ƙura da hayaƙi. In ka shaƙe su, sai su sauka a bangon hanyoyin numfashi, su riƙa fitar da wani irin tartsatsi da ido ba ya gani, wanda masana ke kira alfa. Tartsatsin alfa ba ya iya huda ko takarda, kuma fatar jiki na tare shi. Amma cikin huhu babu fatar da za ta kare, sai ya bugi ƙwayoyin halitta kai tsaye, ya ɓata su. Yawanci jiki na gyara ɓarnar. Wani lokaci kuwa gyaran ba ya kammala, sai ƙwayar da ta lalace ta ci gaba da hayayyafa, bayan shekaru masu yawa ta zama sankara.

Masu haƙar ma'adinai ne suka fara ɗanɗana wannan. Tun ƙarni na 16 aka lura cewa masu haƙar azurfa a yankin Schneeberg na ƙasar Jamus suna mutuwa da ƙuruciyarsu saboda wani ciwon ƙirji. A shekarar 1879 likitoci biyu, Härting da Hesse, suka tabbatar cewa sankarar huhu ce. A 1900 wani Bajamushe masanin kimiyya, Friedrich Ernst Dorn, ya gano iskar da radiyom ke fitarwa. Sai a 1988 cibiyar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya radon cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam.

OMS ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 3 zuwa kashi 14 cikin ɗari na sankarar huhu a ƙasa daga radon ne, gwargwadon yawanta a gidajen ƙasar da kuma yawan masu shan taba. A Amurka kaɗai, hukumar kare muhalli ta ƙasar, wato EPA, ta ƙiyasta mutuwar mutum wajen dubu 21 a kowace shekara, cikinsu kusan 2,900 ba su taɓa shan taba ba.

Ma'aunin da ake amfani da shi

Kafin mu ci gaba, ya kamata ka san mudun da ake awo da shi. Sunansa bakarel, daga sunan masanin nan na Faransa Henri Becquerel. Bakarel ɗaya na nufin ƙwaya ɗaya tana rikiɗa cikin kowace daƙiƙa. Ana lissafa yawan bakarel ne cikin mita ɗaya ta iska, wato akwatin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk mita ɗaya ne. Wannan akwati na cin lita 1,000, daidai da ganga biyar masu lita 200.

Ɗauki ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, mita 3 tsayi. Iskar cikinsa mita 48 ke nan. In awo ya nuna bakarel 100, to cikin kowace daƙiƙa ƙwayoyin radon 4,800 ne ke rikiɗa a ɗakin.

A fili, awo kan tsaya tsakanin bakarel 5 zuwa 15. A cikin gidaje, tsaka-tsakin awon duniya wajen bakarel 40 ne. Amurkawa suna da nasu mudun, pikokiri cikin lita ɗaya. Pikokiri ɗaya daidai yake da bakarel 37. In ka ga wannan ma'auni a takarda, ka ninka shi sau 37.

Abin da ya faru a Boyertown

Har zuwa farkon shekarun 1980, yawancin mutane sun ɗauka radon matsala ce ta ramin haƙar ma'adinai kawai. Abin da ya sauya wannan tunani ya faru ne a jahar Pensilbaniya ta Amurka, a watan Disamba na 1984.

Wani injiniya mai suna Stanley Watras yana aiki a tashar lantarki ta nukiliya ta Limerick, wadda a lokacin ba ta fara sayar da wuta ba. A ƙofar tashar akwai na'urar da ke bincika ma'aikata, don kada wani ya fita da gurɓatacciyar ƙura a tufafinsa. Na'urar ta riƙa yin ƙara duk lokacin da Watras ya gifta, har da safe lokacin da yake shigowa daga gida. Ashe ba daga tashar yake ɗauko abin ba, daga gida yake kawo shi.

Da aka auna gidansa, kusa da garin Boyertown, a arewa maso yammacin birnin Filadalfiya, sai aka sami wajen pikokiri 2,700, kusan bakarel dubu 100. Gida ne irin na kowa, cikin unguwa irin ta ma'aikata da ke kewayen birane, ba kusa da wata masana'anta ba. Abin da ke akwai shi ne, an gina shi kan wani jerin duwatsu da ake kira Reading Prong, wanda ya ratsa jahohin Pensilbaniya da Niyu Jasi da Niyok, kuma yana da yuraniyom fiye da na sauran wurare. Iyalin suka tashi daga gidan a farkon 1985. Aka yi masa gyara, awo ya sauka, suka koma cikin shekarar.

Hukumomin jahar suka shiga auna gidajen yankin, sai wani abu ya bayyana wanda har yau shi ne babban darasi: gidaje biyu a layi ɗaya, ginin kamfani ɗaya, ɗaya na iya samun radon mai yawan gaske, ɗayan kuma ba komi. A 1986 EPA ta tsayar da pikokiri 4, wato bakarel 148, a matsayin iyakar da in an kai ta sai a gyara gida. A 1988 ta shawarci magidanta a duk faɗin ƙasar su yi awo, kuma a shekarar majalisar dokoki ta yi doka kan rage radon a cikin gidaje. Ƙiyasin EPA shi ne gida ɗaya cikin 15 a Amurka ya kai wannan iyaka ko ya wuce. A Pensilbaniya kuwa, kusan gida 4 cikin 10 da aka auna sun haura ta.

Me ya sa gidanka ya bambanta da na maƙwabcinka?

Dalili na farko yana ƙarƙashin ƙasa. Dutse ba ya kwanta bai ɗaya. Wata tsaga a cikinsa na iya bi ta ƙarƙashin ɗakinka ta kauce wa na maƙwabcinka da taku goma. Ƙasa mai tsakuwa ko rairayi tana barin iska ta bi cikin sauƙi, yumɓu mai danshi kuwa yana tare ta.

Na biyu shi ne daɓe da gindin gini. Tsagar siminti, mahaɗar daɓe da bango, ramin da aka huda don tiyon ruwa ko wayar lantarki, daɓen ƙasa da ba a shafe ba, duk ƙofofi ne. Gidajen unguwannin Amurka da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, wanda ƙasa ta kewaye shi ta kowane gefe, shi ya sa awo kan fi hawa a can.

Na uku, gida da kansa yana tsotsar iskar ƙasa. Iska mai ɗumi tana tashi sama ta fice ta rufi da manyan tagogi. Dole wata ta maye gurbinta. In ƙofofi da tagogi na rufe, sai gidan ya jawo ta daga ƙarƙashin daɓe, kamar yadda ake zuƙar ruwa da tsinke mai rami. Iskar cikin ƙasa kuwa takan ɗauki dubban bakarel, wani wuri dubbai goma-goma. Ƴar kaɗan daga cikinta ta isa ta ɗaga awon ɗaki.

Na huɗu shi ne yadda mutanen gida ke zama. Masu barin tagogi a buɗe ba ɗaya suke da masu rufe ko'ina ba. Shi ya sa radon kan ƙaru da dare, ta ragu da rana, kuma a ƙasashe masu sanyi ta fi yawa lokacin ɗari.

Saboda waɗannan dalilai, taswira ba ta wadatarwa. EPA ta fitar da taswirar da ta raba Amurka yanki uku a 1993, Faransa ma ta raba garuruwanta rukuni uku a 2018. Amfanin irin wannan taswira shi ne nuna wa hukuma inda za ta fara aiki. Ba ta gaya wa magidanci abin da ke cikin ɗakinsa, kuma EPA da kanta ta ce a auna kowane gida, ko a wane yanki yake.

Kayan awo

Kayan awo iri uku ne aka fi sani.

Na farko ɗan gwangwani ne mai ɗauke da gawayi na musamman. Gawayin na shan radon daga iska. Ana ajiye shi kwana 2 zuwa 7, a rufe, a aika ɗakin bincike. Yana da sauri, amma danshi na rage ingancinsa, kuma dole ya isa cikin ƴan kwanaki, tun da radon da ya sha tana raguwa a hanya.

Na biyu ɗan ƙoƙon roba ne da bai wuce tafin hannu ba, da wani ɓallin roba a ciki. Duk tartsatsin alfa da ya bugi ɓallin yana barin ɗan tabo. A ɗakin bincike ake jiƙa shi da sinadari, tabban su fito, a ƙidaya su da madubin ƙara girma. Wannan shi ake ajiyewa wata 3 zuwa shekara. Ba ya buƙatar lantarki ko batir, ba ya fitar da komi, kuma yana jure doguwar tafiya. Shi ne ya fi dacewa da mai son sanin gaskiyar abin da yake shaƙa.

Na uku na'ura ce mai batir da ke nuna lamba a fuskarta. Tana da amfani wajen ganin yadda awo ke hawa da sauka. Sai dai kada ka yanke hukunci da lambar kwana ɗaya ko biyu, ka bar ta ta yi makonni.

Illar radon ta shekaru ce, don haka awon da ya fi tsawo shi ya fi gaskiya. OMS ta ba da shawarar aƙalla wata 3. A Ingila ana aika wa magidanci ƙoƙo biyu, ɗaya na ɗakin kwana, ɗaya na ɗakin zama, su yi wata 3. A Faransa, awon makarantu da gidajen kula da marasa lafiya ana yin sa ne aƙalla wata 2, tsakanin 15 ga Satumba da 30 ga Afrilu, lokacin da ake rufe tagogi.

Yadda za ka yi awon

1. Ka zaɓi ɗakin da aka fi daɗewa a ciki, a hawa na ƙasa. Ɗakin kwana ne kan gaba, sai ɗakin zama.

2. Kada ka sa a madafa, ko makewayi, ko cikin akwati, ko cikin rufaffen kabad.

3. Ka ɗora shi a kan tebur ko kanta, aƙalla santimita 50 daga ƙasa, wajen mita ɗaya daga ƙofa ko taga, kuma kada ya jingina da bangon waje.

4. Ka nisanta shi da hasken rana, da wuta, da bakin fanka, da hannun yara.

5. Kada ka buɗe ledarsa sai ranar da za ka fara. Ka rubuta ranar farawa, da ranar gamawa, da sunan ɗakin.

6. In awo mai tsawo ne, ku ci gaba da zama yadda kuka saba. Kada ka rufe ɗaki don a sami lamba babba, kada kuma ka buɗe don a sami ƙarama. Kanka kawai za ka ruɗa.

7. In awon ƴan kwanaki ne, sai a rufe tagogi da ƙofofin waje tun awa 12 kafin farawa, a bar su haka har a gama, ban da shiga da fita.

8. Da an gama, ka rufe shi yadda takardarsa ta nuna, ka aika ba tare da jinkiri ba.

Yadda za ka fahimci sakamako

Babu wani adadi da za a ce daga nan zuwa ƙasa ba haɗari ko kaɗan. Haɗarin na tafiya ne da yawan iskar da kuma tsawon zama cikinta. Ƙarin bakarel 100 a awon shekaru yana ƙara haɗarin sankarar huhu da wajen kashi 16 cikin ɗari. A littafin jagora da ta fitar a 2009, OMS ta shawarci ƙasashe su tsayar da iyakarsu a bakarel 100, in hakan bai yiwu ba kada ta wuce 300. Tarayyar Turai ta ɗauki 300 a dokarta ta 2013. Ingila na amfani da 200, Amurka 148.

In sakamakonka bai kai 100 ba, ka kwantar da hankalinka. In yana tsakanin 100 da 300, ka fara da gyare-gyare masu sauƙi, ka sake awo. In ya wuce 300, gidan na buƙatar gyara na sosai. In awon ƴan kwanaki ne ya ba da lamba babba, ka tabbatar da awo na biyu kafin ka kashe kuɗi.

Ga wani abu da ya kamata kowane mai shan taba ya sani. A 2005 aka buga sakamakon bincike 13 da aka haɗa daga ƙasashen Turai 9. Cikin mutum 1,000 da ba su taɓa shan taba ba, wajen 4 ne za su kamu da sankarar huhu kafin shekara 75 in babu radon, 5 in awo na 100, 7 in yana 400. Cikin masu shan taba 1,000 kuwa, adadin ya zama 100, da 120, da 160. Ka ga ke nan radon da taba in sun haɗu, ɓarnarsu ta ninku. Mai shan taba da ya sami radon a gidansa, gyaran farko shi ne barin taba.

Yadda ake gyara gida

Gyara hanya biyu ne: a hana ta shiga, ko a fitar da wadda ta shiga.

Mafi sauƙi shi ne musayar iska. Tagogi biyu masu kallon juna, ko ƴan ƙofofin iska a ƙasan bango da samansa, suna rage ta. Fankar sama juya iskar ɗaki kawai take yi, ba ta musanya ta. Fanka mai zuƙe iska waje kuwa, in ko'ina na rufe, tana iya ƙara jawo iskar ƙasa. Gara wadda ke turo iskar waje ciki.

Sai toshe tsagogi da siminti ko danƙon gini, musamman mahaɗar daɓe da bango da bakin tiyo. Wannan na taimakawa, amma shi kaɗai ba ya isa, domin ƙofar da ido bai gani ba ma hanya ce.

Gyaran da ya fi aiki, wanda aka fi yi a unguwannin Amurka tun bayan abin da ya faru a Boyertown, shi ne a huda daɓe, a kwashe ƙasa kamar cikin bokiti, a kafa tiyo, a bi da shi har saman rufi, a sa masa ƴar fanka mai aiki dare da rana. Fankar na zuƙe iskar ƙasa kafin ta shiga ɗaki, ta watsa ta sama, nesa da tagogi. Wutar da take ci ba ta wuce ta ƙwan lantarki ba, kuma EPA ta ce irin wannan na iya rage radon har kashi 99 cikin ɗari. Ko ba fanka, tiyon kaɗai na iya rage wajen rabi.

Mai sabon gini shi ya fi kowa sa'a, domin rigakafi ya fi magani. Kafin zuba daɓe, a shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimita 10, a rufe ta da leda mai kauri, a liƙe mahaɗarta, a kafa tiyo daga cikin tsakuwar zuwa saman rufi, sannan a zuba siminti. Bayan kowane gyara a sake awo, kuma a riƙa maimaitawa duk bayan shekara biyu.

Kayan gini, da abin da ya shafe mu a Nijar

Ba daga ƙarƙashin gida kaɗai radon ke zuwa ba. Wani lokaci cikin kayan gini ake shigo da ita. A garin Grand Junction na jahar Kolorado a Amurka, daga shekarun 1950 zuwa 1966, magina sun yi ta ɗibar rairayin da ya rage bayan tace yuraniyom suna ciko da shi, domin kyauta ne kuma yana da laushi. Daga baya sai da aka bi dubban gidaje da makarantu ana tone shi. A ƙasar Suwidin, daga 1929 zuwa 1975, an yi bulo da wani dutse mai radiyom, kuma gidajen da aka gina da shi suna nan da yawa har yau.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. A jahar Agadas ana haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971. Mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta Akuta, kusa da Akokan, ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta ranar 31 ga Maris na 2021, ta bar tsibin dusar ma'adini na miliyoyin ton. Tun 2003 wani ɗakin bincike mai zaman kansa na Faransa, CRIIRAD, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit, suka riƙa nuna cewa gurɓatattun ƙarafa da duwatsun mahaƙa sun shiga kasuwa da titunan gari. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta sake samun irin wannan a titunan Akokan. Saboda haka, duk arhar dutse, ko rairayi, ko laka, ko tsohon ƙarfe da ya fito daga harabar mahaƙar yuraniyom, kada ka yi gini ko ciko da shi, kada a ƙera tukunya da shi.

A kudu ma akwai wuraren da gari ke zaune kan dutsen giranit, kamar Damagaram da kewayenta, da kudancin Maraɗi, da yankin Liptako a yammacin kogin Isa. Zama kan giranit ba ya nufin gidanka na da radon da yawa, kamar yadda ka gani a sama. Yana nufin dai akwai dalilin awo. Wanda ke kwana a tsakar gida rabin shekara, ɗakinsa na shan iska, haɗarinsa kaɗan ne. Waɗanda ya kamata su fi kula su ne masu ɗaki marar taga da ake toshewa lokacin hunturu, da masu sababbin gidaje da ofisoshi da ake rufewa ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki. Ka sa awonka ya haɗa da watannin da ɗakin ya fi zama a rufe.

Ƙungiyar unguwa, ko makaranta, ko magajin gari na iya haɗa gidaje da yawa a nemi kayan awo tare, a aika tare. Don neman shawarar masana, akwai cibiyar IRI ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da hukumar ƙasa mai sa ido kan harkokin nukiliya, wato ARSN.

Kada ka haɗa ta da wasu abubuwa

Radon ba ta sa ciwon kai, ko jiri, ko tari nan take. In mutanen ɗaki sun tashi da ciwon kai da amai bayan sun kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, wannan gubar gawayi ce, tana kisa cikin dare ɗaya. A fitar da su waje, a garzaya asibiti. Haka kuma tarin da ya wuce mako biyu, ko tari da jini, ba na jiran awon radon ba ne. A je a yi gwajin tarin fuka da sauran bincike.

Abin da za ka riƙe

Sakamakon maƙwabci ba naka ba ne, taswira ma ba ta san ɗakinka ba. Ka auna ɗakin kwana da ɗakin zama na wata 3 ko fiye. Ka gwada lambar da iyakar 100 da ta 300. In ta yi yawa, ka buɗe wa ɗaki iska, ka toshe tsagogi, ka fitar da iskar ƙasa ta tiyo, sannan ka sake awo. In za ka yi gini, ka san inda dutsenka da rairayinka suka fito, ka sa tsakuwa da leda ƙarƙashin daɓe. In kana shan taba, ka fara da barin ta tun kafin sakamako ya dawo.